Matakan Ɗaga Mafi Ƙarancin Sigar Kompaila da CMake a Buɗaɗɗen Laburare

Duk laburaren C ko C++ da aka saki kod ɗinsa ga jama'a yana da iyaka ta ƙasa: daga siga kaza ta kompaila zuwa sama ana iya gina shi, ƙasa da ita kuwa babu tabbas. Wani ya rubuta iyakar a README, wani bai rubuta ba, amma tana nan. Kompaila ita ce manhajar da ke juya kod zuwa abin da na'ura ke iya gudanarwa, irin su GCC da Clang da MSVC ta Microsoft. CMake da Meson da Autoconf kuma su ne ke tsara yadda ginin zai gudana. Ranar da mai kula da laburare ya matsa da iyakar nan sama, akwai mutanen da gininsu zai tsaya cak, kuma galibinsu bai taɓa jin ɗuriyarsu ba. Gyaran da za a yi a fayil bai wuce layi biyar ba. Sauran aikin duk na gano waɗannan mutanen ne da kuma ba su lokaci.

Don bayanin ya tsaya a kan abu ɗaya, mu ɗauki laburaren C++ da aka rubuta bisa ƙa'idar C++11, wanda har yanzu yake iƙirarin aiki da GCC 4.8 da CMake 2.8.12, wato kayan da CentOS 7 ta zo da su. Ana so a kai shi C++17.

Mataki na ɗaya: rubuta dalilin a jimla biyu

In ba za ka iya faɗin abin da tsohuwar sigar ke hana ka ba, to lokacin ɗagawa bai yi ba. "Muna son kod na zamani" ba dalili ba ne, sha'awa ce. Dalili shi ne irin wanda masu kula da Linux suka bayar a 2022. Kod ɗin ya daɗe a kan C89, wadda ba ta yarda a bayyana sabon suna a cikin kan madaukin `for` ba, hakan ya sa sunan da ake zagaya jeri da shi yake wanzuwa bayan an fita daga madaukin, kuma aka gano wuraren da ake amfani da shi a can bisa kuskure. Sai aka koma C11 a Linux 5.18. Abin da ya ba da damar shi ne tun a Linux 5.15, a 2021, an riga an ɗaga mafi ƙarancin GCC zuwa 5.1. Matsala takamaimai, magani takamaimai.

Wani lokacin kuma ba kai za ka zaɓa ba, tura ka za a yi. GoogleTest 1.12.1 ita ce ta ƙarshe da ke aiki da C++11, daga 1.13 sai C++14, daga 1.17 kuwa sai C++17. In da ita kake gwaji, ko dai ka daskare a tsohuwar siga ko ka bi su. Ta ɓangaren CMake ma matsin ya zo daga sama: CMake 4.0, da ta fito a Maris 2025, ta daina karɓar duk aikin da ya rubuta siga ƙasa da 3.5 a `cmake_minimum_required`. Laburarenmu mai 2.8.12 ba zai ma fara ginuwa ba a hannun wanda ke da sabuwar CMake, sai ya ƙara `CMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5` da kansa. Kuma tun daga 3.31 ake gargaɗi a kan duk abin da ke ƙasa da 3.10. Wato riƙe tsohuwar lamba don tausayin masu tsofaffin kaya ya fara cutar da masu sababbi.

Mataki na biyu: gano wa ke ginawa, kuma da me

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin ganganci. Kompailar da ke kan kwamfutarka ba ma'auni ba ce. Ma'aunin shi ne abin da tsarukan Linux masu dogon tallafi ke bayarwa ba tare da an sa hannu ba, domin a kansu sabobin kamfanoni da injinan jami'o'i suke zaune shekara da shekaru. Ga abin da ya kamata ya kasance a gabanka:

- Ubuntu 20.04: GCC 9, CMake 3.16. Tallafinta na gama-gari ya ƙare a Mayu 2025.
- Ubuntu 22.04: GCC 11, CMake 3.22.
- Ubuntu 24.04: GCC 13, CMake 3.28.
- Debian 11: GCC 10, CMake 3.18. Debian 12: GCC 12, CMake 3.25.
- RHEL 8 da 'yan'uwanta AlmaLinux 8 da Rocky Linux 8: GCC 8.5, kuma tallafinsu zai kai 2029.
- RHEL 9: GCC 11.

CentOS 7 kuwa ta yi ritaya a ranar 30 ga Yuni, 2024. Wannan kaɗai ya isa hujjar sakin GCC 4.8. Shafin Repology zai nuna maka sigar kowace manhaja a kowane tsari, har da sigar laburarenka da suke rarrabawa, kuma wannan na biyun yana da amfani ƙwarai: tsarin da ke ɗauke da sigarka ta shekara huɗu baya ba zai taɓa gina sabuwar ba, don haka tsohuwar kompailarsa ba damuwarka ba ce.

Bayan jerin nan, akwai waɗanda ba sa bayyana a kowane jeri. Masu ƙera ƙananan na'urori sukan samu kompaila daga kamfanin da ya sayar musu da guntun lantarkin, kuma kompailar takan tsaya a siga ɗaya har na'urar ta bar kasuwa. Masu manyan injinan lissafi na cibiyoyin bincike ba su da ikon taɓa tsarin injin. Masu aiki da katin NVIDIA suna ɗaure da kompailar `nvcc`, wadda ta fara karɓar C++17 a CUDA 11. Masu naɗe laburarenka don Python suna ginawa a cikin manylinux, masu vcpkg da Conan da Homebrew da conda-forge kuma kowa da tsarinsa. Hanya mafi sauƙi ta jin muryarsu ita ce ka koma rahotannin matsaloli na shekara biyu da suka wuce, ka tsinto sigar kompailar da kowane mai rahoto ya ambata. Sannan ka tuntuɓi masu shirya fakitin laburarenka a Debian da Fedora kai tsaye. Su sun san wane ne ya dogara da kai fiye da yadda kai ka sani.

Kar ka ce "ai sabunta kompaila abu ne mai sauƙi". Ga mai RHEL 8, gaskiya ne, akwai `gcc-toolset` da ke sanya sabuwar GCC gefe guda ba tare da taɓa ta tsarin ba. Ga ɗalibin da ke sayen data da ƙyar, ko ma'aikacin da sai ya cike takarda kafin a sanya masa komai a saba, maganar daban ce.

Mataki na uku: zaɓi lambobin, kowace kompaila da tata

Ka zaɓi mafi ƙasƙancin sigar da ke biya maka buƙatar da ka rubuta a mataki na ɗaya, ba mafi sabunta da za ka iya kare kanka a kanta ba. Ga C++17, muhawarar takan tsaya tsakanin GCC 8 da GCC 9, kuma ya kamata a yi ta da idon basira. GCC 7 ta riga ta iya kusan duk nahawun C++17, amma laburaren da ke zuwa tare da ita, libstdc++, bai cika ba. `std::filesystem` ya iso a GCC 8, sai dai a can dole ka haɗa da `-lstdc++fs` da hannu. Daga GCC 9 ne aka daina buƙatar hakan. `std::from_chars` na lambobi masu ɗigo kuwa bai iso ba sai GCC 11. Saboda haka "muna buƙatar C++17" magana ce da ba ta gama fayyace komai ba. Wane ɓangare na C++17?

Ra'ayina: in masu RHEL 8 suna cikin jama'arka, tsaya a GCC 8 ka haƙura da ƙarin layi ɗayan nan na `stdc++fs`. In ba sa ciki, ɗauki GCC 9 da CMake 3.16, wato kayan Ubuntu 20.04. CMake 3.16 ba baƙuwar iyaka ba ce. Da ita Qt 6 ta fara a 2020. In ma babu kowa naka a kan 20.04, GCC 11 da CMake 3.22 sun fi tsafta.

Clang a Linux takan ari libstdc++ na tsarin da take kai, don haka sabuwar Clang a kan tsohon tsari tana iya rasa abin da kake nema. Ka faɗi sigar libstdc++ ɗin, ba ta kompailar kaɗai ba. Clang ɗin Apple kuma lambobinta ba su dace da na LLVM, aikin da ke fitar da Clang, ba. Gara ka ambaci sigar Xcode. Ga Windows, ka ambaci shekarar Visual Studio.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi: C++17 ɗin a cikin fayilolin `.cpp` kaɗai za ka yi amfani da ita, ko har a fayilolin `.h` da jama'a ke jawowa cikin nasu kod? In a ciki ne kawai, wanda ke rubuta aikinsa da C++11 zai iya ci gaba da amfani da laburarenka muddin kompailarsa ta iya gina shi. In ta shiga fayilolin `.h`, ka tilasta wa kowane mai amfani da kai ya koma C++17, shi da duk masu dogaro da shi. Waɗannan shawarwari biyu ne daban, kuma ana iya yin ta farko bana a jinkirta ta biyu zuwa baɗi.

Mataki na huɗu: gwada da ainihin sigar da ka ambata

Iyakar da ba a gwada ta ba zance ne kawai. Kafin ka sanar da kowa komai, ƙara aiki ɗaya a gwajinka na CI (gwajin da ke gudana da kansa a kan kowane gyara) wanda ke ginawa da mafi ƙarancin kompailar da mafi ƙarancin CMake a lokaci guda. Injinan da GitHub Actions ke bayarwa suna zuwa da CMake sabuwa fil, kuma an janye injin Ubuntu 20.04 a Afrilu 2025, don haka sai ka yi amfani da kwantenar Docker ta `ubuntu:20.04` ko `almalinux:8`. Tsofaffin sigogin CMake suna nan a rumbun Kitware da kuma PyPI.

Dalilin dagewa a kan CMake ɗin shi ne: rubuta 3.16 a saman fayil ba ya hana ka amfani da umarnin da ya shigo a 3.20. Sabuwar CMake za ta karɓa ba ƙorafi, kai kuma ba za ka sani ba sai wani ya kawo ƙara. Wannan aikin gwajin shi kaɗai ne mai gadin iyakar, kuma ya kamata ya zama cikin waɗanda dole su yi nasara kafin a karɓi gudummawar kowa.

Mataki na biyar: sanar, sannan ka yi gargaɗi kafin ka rufe ƙofa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin da aikin LLVM ya rubuta wa kansa abin koyi ne: suna ƙoƙarin tallafa wa kompailolin aƙalla shekara uku baya, suna gabatar da shawarar ɗagawa a fili don a tattauna, sannan su sa kuskure mai laushi wanda ke tsayar da gini amma ana iya tsallake shi da zaɓin `LLVM_TEMPORARILY_ALLOW_OLD_TOOLCHAIN`. Sai an yi aƙalla fitarwa ɗaya da wannan kuskuren mai laushi kafin a mai da shi na dindindin, kuma a tsawon lokacin kod ɗin yana ci gaba da ginuwa da tsohuwar kompailar.

Hikimar a fili take. Mutane ƙalilan ne ke karanta sanarwa, amma kowa yana ganin gininsa in ya tsaya. Gargaɗi zalla yakan ɓace cikin dubban layukan da ke wucewa a allo. Kuskuren da ake iya tsallakewa kuwa yana tilasta wa mutum ya tsaya ya karanta, ba tare da ya hana shi aikinsa na ranar ba, kuma shi ne zai fito maka da masu ƙananan na'urorin nan da ba ka samu a mataki na biyu ba.

Sanarwar ta ƙunshi abu huɗu: sababbin lambobin, dalilin, fitarwar da za ta fara aiki da su, da kuma sigar ƙarshe da za ta yi aiki da tsofaffin kaya. In wani ya zo da ƙorafi, tambaye shi tsarin da yake kai, da abin da ya hana shi sabuntawa, da ranar da yake sa ran yi. Mai amsa ukun nan ya cancanci a saurare shi, wataƙila ma a ɗaga masa ƙafa na wata shida. Wanda ya ce shi dai ba ya son canji, a nuna masa tsohon reshen da za a yanke a mataki na bakwai.

Mataki na shida: canja lambobin, kuma kar ka haɗa da komai

Gyaran da ke ɗaga iyaka ya shiga shi kaɗai, babu layi ko ɗaya na sabon kod na C++17 a tare da shi. In wata matsala ta ɓullo bayan mako biyu, janye shi zai zama aikin minti ɗaya.

```
cmake_minimum_required(VERSION 3.16...3.28)
project(misali LANGUAGES CXX)
add_library(misali misali.cpp)
target_compile_features(misali PUBLIC cxx_std_17)
```

Lamba ta farko ita ce mafi ƙarancin siga, ta biyu kuma ita ce mafi sabunta da ka gwada, wadda kake cewa ka yarda da halayenta. `PUBLIC` yana miƙa buƙatar C++17 ga duk mai haɗa aikinsa da naka. In a `.cpp` kaɗai kake buƙata, rubuta `PRIVATE`. In kuma da `CMAKE_CXX_STANDARD` kake aiki, kar ka manta da kunna `CMAKE_CXX_STANDARD_REQUIRED`, in ba haka ba CMake za ta sauka zuwa tsohuwar ƙa'ida shiru a kan kompailar da ba ta iya ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne lambar nan ta saman fayil ba shinge kawai ba ce. Tana kunna duk manufofin CMake, masu suna CMP da lamba, da suka shigo har zuwa sigar da ka rubuta, kuma kowace manufa canjin hali ce. Dubi CMP0091 da ta zo a 3.15. A da, CMake tana sa `/MD` cikin `CMAKE_CXX_FLAGS_RELEASE` ga MSVC, kuma tsofaffin ayyuka da dama suna da 'yan layukan da ke neman `/MD` su musanya shi da `/MT`. Da zarar manufar ta kunnu, babu `/MD` a wurin kuma. Musanyar ba za ta tarar da komai ba, ba za ta yi ƙorafi ba, ginin zai kammala lafiya, amma laburaren zai fito haɗe da wani abin da ba shi kake nufi ba, sai mai amfani a Windows ya ci karo da kurakuran haɗi da ba ya gane kansu. Maganin shi ne a cire musanyar a yi amfani da `CMAKE_MSVC_RUNTIME_LIBRARY`. CMP0077 ta 3.13 ma ta canja yadda `option()` ke bi da ƙimar da aikin da ya jawo ka ya riga ya sa. Ka bi manufofin da ke tsakanin tsohuwar lambarka da sabuwar ɗaya bayan ɗaya da `cmake --help-policy`. Aiki ne mai gundura na yini guda, amma ba shi da madadi.

Sai binciken sigar kompaila, bayan layin `project`:

```
if(CMAKE_CXX_COMPILER_ID STREQUAL "GNU"
   AND CMAKE_CXX_COMPILER_VERSION VERSION_LESS 9)
  message(FATAL_ERROR "...")
endif()
```

Saƙon da za ka sa a wurin ɗigogin ya faɗi sigar da aka tarar, da wadda ake buƙata, da sigar laburarenka ta ƙarshe da ke aiki da tsohuwar. In kana son irin wannan binciken a fayil ɗin `.h` don waɗanda ba sa amfani da CMake, akwai tarko biyu. Clang tana bayyana `__GNUC__` da ƙimar 4, don haka sharaɗin da ke korar duk `__GNUC__` ƙasa da 9 zai kori Clang mafi sabunta ma. Sai ka fara ware `__clang__`. MSVC kuma tana barin `__cplusplus` a 199711L ko da C++17 ake ginawa, sai an ba ta `/Zc:__cplusplus`. A wurinta `_MSVC_LANG` za ka duba.

Daga nan ka bi duk inda tsohuwar lambar ta kwana: README, takardar koyar da gini, misalan da ke da nasu `CMakeLists.txt`, fayilolin Docker, da `meson_version` ko `AC_PREREQ` in laburaren yana da hanyar gini fiye da ɗaya.

Mataki na bakwai: lambar fitarwa da tsohon reshe

Ko ɗaga iyaka ya cancanci sabuwar babbar lamba, wannan muhawara ce da ba ta ƙarewa. Abin da ba shi da muhawara: kada ya shiga ƙaramar fitarwa ta gyaran kurakurai, daga 2.4.1 zuwa 2.4.2, domin mutane suna ɗaukar irin wannan ido rufe. In fayilolin `.h` sun koma C++17, ni ina ganin babbar lamba ta dace. In ginin ciki ne kawai, lambar tsakiya ta wadatar, tare da rubutu a saman bayanin fitarwa.

Yanke reshe daga sigar ƙarshe ta tsofaffin kaya, ka faɗi abin da zai riƙa samu, galibi gyaran matsalolin tsaro kaɗai, ka kuma faɗi ranar rufe shi. Kar ka yi alƙawarin shekara uku in kai kaɗai ne ke kula da aikin da daddare.

Mataki na takwas: share tarkace, amma a hankali

Bayan fitarwar ta yi 'yan makonni ba a ji kuka ba, sai a fara cin moriyar. Goge sharuɗɗan `#if` na GCC 4 da 5, da dabarun CMake na zamanin 2.8, da ayyukan CI na tsarukan da aka saki. `clang-tidy` yana da rukunin bincike mai suna `modernize` da zai taimaka, sai dai a bi shi bincike ɗaya bayan ɗaya, kowane da nasa gyaran. Gyara guda da ya taɓa fayil ɗari uku ba wanda zai iya duba shi da gaske, kuma zai rikita duk gudummawar da mutane suka turo suna jira.

Wuri ɗaya ne ke buƙatar taka-tsantsan na musamman. Tsofaffin laburare sukan ƙera nasu `optional` ko `string_view` saboda C++11 ba ta da su. Musanya su da na `std` a cikin `.cpp` ba laifi. Musanya su a ayyukan da jama'a ke kira kuwa yana canja ABI, wato manhajar da aka gina da tsohon laburaren ba za ta iya loda sabon ba sai an sake gina ta. In ka yi hakan, dole ka ɗaga `SOVERSION`, kuma masu shirya fakiti a Debian da Fedora za su sake gina duk abin da ya dogara da kai, don haka ka sanar da su tun da wuri.

Kafin ka rufe batun, ƙara sakin layi ɗaya a takardun aikin da ke faɗin ƙa'idarka ta gaba, misali cewa laburaren zai riƙa aiki da kompailar tsohuwar Ubuntu LTS da RHEL da ke cikin cikakken tallafi, kuma za a yi fitarwa ɗaya ta gargaɗi kafin kowace ɗagawa. Tallafin gama-gari na Ubuntu 22.04 zai ƙare a 2027, saboda haka ka sa wannan shekarar a kalandarka tun yanzu.